"Umma, Kwamfutata Na Buƙatar Ruwa": Abin da Uwa Za Ta Tambaya Kafin Ta Kwance Bakin Zani

Yau zancen na'ura za mu yi, amma kada wadda ta ajiye waya ta ce wannan na maza ne. Kuɗin da ake sayen na'urar daga hannunmu yake fita, a ɗakunanmu kuma take kwana.

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, Yayata da ke aure a Daudawa, cikin ƙaramar hukumar Faskari, ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ke da kika yi boko, gaya mini, tun yaushe aka fara ba kwamfuta ruwa? Ni dai na san ruwa ne ke kashe ta."

Zancen ɗanta na fari take yi, wanda ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan." Shekararsa 19. Da kuɗin aikin gona da na cajin waya ya riƙa sayen kayan kwamfuta na hannu ɗaya bayan ɗaya daga Kano, har ya haɗa ta da kansa. Yana buga wasanni a kanta, yana kuma haɗa wa mutane bidiyon biki da katin gayyata, ana ɗan ba shi na sabulu. Da bazara ta kankama, sai kwamfutar ta fara ƙugi kamar injin markaɗe, hoto ya riƙa sarƙewa, wani lokaci ma ta mutu ana tsakiyar aiki. Ya duba bidiyon Turawa a YouTube, ya dawo ya ce magani ɗaya ne: a sa mata lagireto, irin na mota amma ƙarami, mai fanka uku da fitilu masu canza launi. Ya kuma san uwarsa ce za ta kwashi adashe a ƙarshen wata.

Kwasar nan kuwa ta riga ta yi mata suna. Takin masara za a saya da ita kafin ruwa ya sauka.

Wata za ta ce ai wannan ba abin shawara ba ne, taki ya fi wasa. Haka ne. Amma duk uwar da ke zaune a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ta san abin da ya sa Yayata ba ta ce a'a nan take ba. Tun daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, da ma kafin nan, uwa a yankinmu ba ta da kwanciyar hankalin da ya wuce ta ji motsin ɗanta a ɗaki bayan magariba. Kwamfutar nan ita ke zaunar da shi gida, ita ce kuma 'yar sana'ar da ya fara. Yaya ba ta so ta mutu, ba ta kuma so gona ta kwana babu taki.

Na ce ta ba ni mako ɗaya. Na karanta, na zauna da wani mai gyaran kwamfuta, na kuma yi ta magana da yaron ta waya. Ga abin da na samo, don na san ba gidan Yaya kaɗai wannan roƙo zai shiga ba.

Me ke yin zafi a ciki?

Abu biyu ne manyan murahu a kwamfutar wasa. Na farko ƙwaƙwalwarta, wadda yara ke kira furosesa. Na biyu katin hoto, wanda ke zana duk abin da ake gani a allo. Kusan duk wutar da suka ci, zafi take komawa. Ana auna ta da wat.

Masu kiwon kaji sun san ƙwan lantarki na da, mai wat 100, wanda ake ɗumama 'yan tsaki da shi. Ki riƙe shi a zuciya. Furosesar ɗan Yayata, Ryzen 5 5600, an rubuta mata wat 65. Katin hotonsa, RTX 3060, wat 170 ne. Idan aka haɗa da sauran kaya, kamar an kunna ƙwai uku na 'yan tsaki ne a cikin akwati ɗaya aka rufe. Akwai waɗanda suka fi haka nesa ba kusa ba: katin RTX 4090 shi kaɗai wat 450 ne, furosesar Intel i9-14900K kuma kan kai wat 253.

Idan zafi ya kai wajen digiri 90 zuwa 100, furosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sarƙewar da yaro ke kuka da ita ke nan. Idan hakan bai isa ba, sai ta kashe kanta. Saboda haka ba ƙarya yake yi ba, matsalar gaskiya ce. Maganin ne ake gardama a kai.

Lagireto ba randa ba ce

Wannan shi ne abu ɗaya da nake so ki tafi da shi ko da kin manta sauran.

Mu mata mun san randa. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar nan ta tafi da zafi, shi ya sa ruwan randa ya fi iskar ɗaki sanyi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Lagireto ba haka yake aiki ba. Ruwansa a rufe yake, ba ya bushewa. Ɗan famfo ne ke tura ruwa ta kan wani faranti na jan ƙarfe da ke manne da furosesa. Ruwan ya ɗauki zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto, ya ratsa ƙananan hanyoyi masu siraran fikafikai, fanka ta hura iska ta cikinsu, ruwan ya huce ya dawo. Ruwa gwanin dako ne, lita ɗaya tasa na ɗaukar zafin da ya ninka na lita ɗaya ta iska fiye da sau 3,000. Amma ɗan dako ne kawai. Ya ɗauko kaya daga nan, ya sauke a can. Wanda ke karɓar kayan a ƙarshe iskar ɗaki ce.

Ma'ana, ruwan lagireto ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba. Ko a haɗi mai kyau, masu harkar na sa ran ruwan ya ɗara iskar ɗaki da kamar digiri 10 idan ana aiki sosai. Baturen da yaro ya gani a bidiyo yana zaune ne a ɗaki mai digiri 22 ko kusa da haka. Ɗakin samari mai rufin kwano babu silin, a watan Afrilu da azahar, yakan kusanci 40. Wannan tazarar ba a sayen maganinta a kwali. Duk lambar da ya gani a bidiyon, sai ya ƙara mata bambancin ɗakinsa da na Baturen.

Sannan zafin da aka fitar daga akwati ba ɓacewa yake ba, a ɗakin yake zama. Idan taga na rufe, ɗakin ya ƙara zafi, fanka ta sake zuƙo wannan iskar. An yi ba a yi ba ke nan.

Iri biyu ne, kada a ruɗe ki

Akwai rufaffe, wanda ake sayarwa a haɗe: famfo, tiyo biyu, lagireto da ruwansa a ciki, ba a buɗewa, ba a ƙara ruwa. A kwalinsa za ki ga an rubuta AIO. Yawancinsa furosesa kaɗai yake sanyayawa, bai taɓa katin hoto.

Akwai kuma na haɗin hannu, inda mutum zai sayi famfo daban, tankin ruwa daban, tiyo, mahaɗai, faranti na furosesa, faranti na katin hoto, lagireto ɗaya ko biyu, ya haɗa, ya zuba ruwa da kansa. Shi ne mai kyan gani a hoto, shi ne mai cin kuɗi, shi ne kuma mai yoyo idan an yi sakaci da mahaɗa ɗaya.

Da na tambayi ɗan Yayata wanne yake so, sai ya turo mini hoton rufaffe mai fanka uku. Na ce, "To, wannan wa zai sanyaya?" Ya ce furosesa. Na ce, "Mai wat 65? Shi kuma mai wat 170 fa?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Inna, bari in sake dubawa." Tun daga nan na san takin Yaya ya fara samun sauƙi.

Tambayoyi biyar kafin kuɗi ya fita

Ba sai kin iya kwamfuta za ki yi su ba. Yaron da ya shirya zai amsa ba tare da in-ina ba. Wanda ya kasa, sai ya koma ya yi nazari, kuma wannan ma riba ce.

Ta farko: wat nawa za a sanyaya, kuma wane girma ya dace?

Ana kiran lagireto da faɗin fankokinsa. Fanka ɗaya mai milimita 120, ana ce masa 120. Biyu, 240. Uku, 360. Akwai na fanka mai milimita 140, su ne 280 da 420. Ƙiyasin da masu haɗawa suka saba bi shi ne gurbin fanka ɗaya ga kowane wat 100, wasu kuma su ce gurbi ɗaya ga kowane abin da za a sanyaya, sannan a ƙara ɗaya na rara. A ƙasa mai zafi irin tamu, rarar nan wajibi ce.

Ga lissafin: furosesa mai wat 65 ba ta buƙatar 360, ko 240 ya yi mata yawa. Idan kuwa haɗin hannu za a yi a haɗa ta da kati mai wat 170, jimla 235, to 360 ne mafi ƙanƙanta. Mai manyan kaya da suka haura wat 600 sai lagireto biyu. Ki ce ya rubuta miki wannan lissafi a takarda. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ta biyu: zai shiga akwatin?

Nan ne aka fi yin asara, kuma nan ne tef ɗin ɗinkinki zai yi amfani. Sunan 240 ba ya nufin tsawonsa santimita 24 ne cif, don akwai kai da gindi. Yakan kai santimita 27 zuwa 28. Shi kuma 360 yakan kai 39 zuwa 40. Kaurin siririn lagireto kusan santimita 3 ne, fanka kuma 2 da rabi, a haɗe kusan 5 da rabi. Akwai masu kaurin 4 da rabi har 6, ban da fanka.

Wuri uku za a auna. Idan a saman akwati za a ɗaura, a duba ko zai taɓa sandunan RAM da ke tsaye a kan allon uwa. Idan a gaba ne, a duba ko zai bar wa katin hoto wuri, don wasu katunan na kai santimita 30. A kuma duba ko ramukan noti na akwatin sun dace da girman da ake so.

Yaya ce da kanta ta riƙe tef, yaron na karantawa. Saman akwatinsa bai ɗaukar fiye da fanka biyu. A gaba kuwa akwai wani keji na ƙarfe da ya tare hanya. Da an sayo 360 ɗin nan daga Kano ko Legas, da sai dai a jingine shi a bango ana kallo, mai shago kuma ba lallai ya karɓi kayan da aka buɗe ba. Tun ran gini tun ran zane.

Ta uku: a ina za a ɗaura, iska ta ina za ta bi?

Kowane rufaffen lagireto akwai 'yar iska a cikinsa, iska kuwa sama take hawa. Idan famfo ne ya fi komai tsayi a haɗin, can za ta taru, famfon ya riƙa ƙara kamar mai kurkure baki, ya kuma mutu da wuri. Saboda haka dole wani sashe na lagireto ya fi famfo tsayi. Ɗaurawa a sama ta fi kwanciyar hankali. Idan a gaba ne, an fi son bakin tiyo ya kalli ƙasa in tsawonsa ya kai. Ɗaura rufaffe a gindin akwati kuskure ne.

Sai alƙiblar iska. Lagireto a gaba yana shan sabuwar iska daga waje, furosesa ta ji daɗi, amma iskar da ya ɗumama kan katin hoto take sauka. A sama kuwa yana fitar da iskar cikin akwati waje, furosesa ta ɗan ƙara ɗumi kaɗan, kati ya sami sabuwar iska daga fankokin gaba. Tunda a wasa kati ne babban murhu, sama ta fi dacewa da yawancin yaranmu.

Ta huɗu: wane ruwa, wane ƙarfe?

Wannan ta masu haɗin hannu ce. Ruwan rijiya, na burtsatse, har da na leda, duk ba su yi ba. Kin ga farin abin da ke kamawa a gindin butar dafa shayi? Shi zai toshe hanyoyin da ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ga gansakuka da ke tsirowa a ruwa mai ɗumi. Tataccen ruwa ake so, irin wanda ake ƙara wa batirin sola, tare da maganin hana tsatsa da gansakuka, ko kuma ruwan da aka haɗa musamman don wannan aiki. A kula, tataccen ruwan batir daban, asid na batir daban. Ana sauya ruwan duk wata 6 zuwa shekara.

Kada kuma a haɗa jan ƙarfe da alminiyom a haɗi ɗaya. Idan ruwa ɗaya na ratsa su, alminiyom ɗin ne zai riƙa cinyewa a hankali har ya huje. Lagireto mai araha sau da yawa alminiyom ne, faranti kuma jan ƙarfe. Araha ba ta ado.

Bayan an haɗa, ba a kunna kwamfuta nan take. Famfo kaɗai ake ba wuta, a shimfiɗa farar takarda mai tsotse ruwa ƙarƙashin kowace mahaɗa, a bar shi yana zagayawa, da yawa kan bar shi kwana guda. Yaron da ba shi da haƙurin wannan bai isa haɗin hannu ba tukuna.

Ta biyar: wa zai riƙa share ƙura?

Fikafikan lagireto matsattsu ne, rariya ce sosai. Mu kuwa ƙurarmu ba irin ta Turai ba ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na sauke mana garin ƙasa ko an rufe ƙofa. Da kaka ga ƙaiƙayin masara da dawa. Daudawa kuma garin auduga ne tun zamanin Turawa, da aka kafa gonar irin auduga a can, kuma duk wadda aka taɓa tara auduga a gidansu ta san yadda zarenta ke bin iska ya manne a komai. Idan wannan ya haɗu da ƙura a fuskar lagireto, bargo yake zama. Lagireto mai bargo kuwa bai fi tsohuwar fanka ba.

Abin yi: kowace ƙofar shigar iska ta sami raga mai tace ƙura, fankokin da ke shigar da iska su ɗan fi masu fitarwa yawa don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta ramuka, a ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, a bar tazara tsakaninsa da bango, a wanke ragar duk mako biyu lokacin hunturu. In an kashe ta huce, a rufe ta da zani. Yaron da sai kin yi faɗa yake share ɗakinsa, ki yi tunani kafin ki saya masa abin da ke son shara fiye da ɗaki.

Idan ya lalace fa?

Wannan tambayar ta fi nauyi ga mu da ke nesa da manyan kasuwanni. Masanyayin iska, wato curin ƙarfe mai fikafikai da fanka a jiki, abu ɗaya ne ke iya mutuwa a cikinsa: fanka. Ita kuwa ana iya samun madadinta a Funtua, kuma ko ta tsaya, ƙarfen na ci gaba da ɗan aiki. Idan famfon rufaffen lagireto ya mutu, cikin ɗan lokaci kaɗan kwamfuta za ta ɗauki zafi ta kashe kanta, kuma ba a gyara shi, sai sabo. Sai an aika titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Ga kuɗin mota, ga halin da hanya ke ciki.

Rufaffe ma yana tsufa, ruwansa na raguwa kaɗan-kaɗan ta jikin tiyo cikin shekaru. Kamfanin Arctic na ba da garantin shekara 6 a kan nasa, wasu ba su kai haka ba. Wanda aka sayo na hannu kuwa, ba wanda ya san shekara nawa ya riga ya ci. Ana iya sayen kati na hannu a gwada a gani. Lagireto na hannu sayen kifi a ruwa ne.

Wani abin da ya ba yaron dariya: su ma masanyayan iskan, bututun jan ƙarfen da ke jikinsu akwai ɗan ruwa a rufe a ciki, wanda ke zama tururi ya kai zafi sama, ya huce ya dawo, ba famfo ba yoyo. Na ce masa, "Ka ga ai kai ma mai ruwa za ka samu."

Wuta

Lagireto ba ya rage cin wuta ko wat ɗaya, ƙari ma yake yi da famfo da fitilu. Kwamfuta irin ta ɗan Yayata da allonta na iya jan wat 300 zuwa 350 ana wasa. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200, irin na ruwa, rabin abin da ke cikinsa ya kamata a sha idan ana so ya daɗe. Wannan rabin bai wuce wasan awa uku zuwa huɗu ba, kuma daga nan gidan ne zai kwana babu fanka. Idan janareta ne, kowa ya san inda farashin fetur ya nufa tun ƙarshen Mayun 2023.

Shi ya sa mafi arhar sanyi shi ne rage zafin tun daga tushe. A cikin kowane wasa kusan akwai wurin ƙayyade yawan hotuna zuwa 60 a daƙiƙa, sai kati ya rage gudu. Ana iya rage ƙarfin wutar kati kaɗan ba tare da an ga bambanci sosai ba. Wannan kyauta ne. Mai shirin sayen sabon kati kuma ya duba wat kafin ya duba kyau: RTX 4060 wat 115 ne, bai kuma gaza 3060 mai 170 gudu ba. Kuma inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma ba sallama, na'urar daidaita wuta ko UPS ta fi lagireto kare dukiyar yaro.

Gargaɗi na musamman gare mu

Ruwan da ake zuba wa waɗannan na'urori launi gare shi, ja kamar zoɓo, kore ko ruwan lemo. Wasu daga cikinsu, da kuma na lagireton mota, na ɗauke da sinadarin etilin gilaikol, mai ɗan zaƙi a baki amma guba ne da ke lalata ƙoda. Ɗan shekara biyu ba ya karanta kwali. Kada a taɓa juye shi a gorar lemo, kada a ajiye shi inda hannun ƙanana ke kai. Idan yaro ya sha, asibiti nan take tare da gorar, ko da bai nuna alamar komai ba. Ba manja, ba madara, ba jiran gari ya waye.

Idan kuma aka ga ɗigon ruwa a cikin akwati, a zare waya daga bango kafin a sa hannu.

Yadda muka ƙare

Na roƙi yaron ya yi abu huɗu kafin a sake zancen kuɗi. Ya sauke wata manhaja ta kyauta mai suna HWiNFO ya rubuta zafin furosesa da na kati yana wasa. Ya buɗe akwati ya share. Ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta ya shafa sabo. Ya ɗauke kwamfutar daga lungun bayan katifa ya kai ta kan tebur kusa da taga.

Yaya ta ce ƙurar da ta fito daga cikin katin hoton ta isa a dasa albasa. Ɗaya daga fankokin gaba ma ashe ta daɗe da tsayawa, ba wanda ya lura. Bayan an gama, lambobin da ya rubuta suka sauka da fiye da digiri 10, mutuwar tsakiyar aiki ta daina. Abin da aka saya a ƙarshe: fanka biyu, man shafawa, da masanyayin iska madaidaici. Ya kuma mayar da aikin bidiyo zuwa sassafe da bayan isha'i, lokacin da kwano ya huce. Kwasar adashe ta tafi inda aka nufe ta, buhunan taki na jingine a zaure suna jiran ruwa.

Ban ce ya haƙura ba. Har yanzu yana son lagiretonsa mai fitilu, kuma ban hana shi so ba. Yarjejeniyar da suka yi da uwarsa ita ce, ranar da aikin bidiyo ya sa ya sayi furosesar da ta fi wannan zafi, zai sayi 240 da kuɗin hannunsa, ya ɗaura a sama, bayan ya auna da tef ɗinta. Ta ce ta yarda, amma tef ɗin aro ne, a dawo mata da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba digirin da ya sauka ba ne. Yaya ta ce rabon da yaron ya zauna ya yi mata bayanin wani abu na tsawon awa guda tun yana firamare. Da ta ce masa a'a kai tsaye, da ya tafi da cewa Umma ba ta gane komai ba. Da ta miƙa kuɗin ba tambaya, da an yi asarar taki, ga lagireto jingine a bango. Tambaya ce ta raba gardama, kuma ita ta sa ya gano kuskurensa da kansa, ba tare da an kunyata shi ba.

Ba ina cewa sanyaya kwamfuta da ruwa almubazzaranci ba ne. Mai manyan kaya, mai ɗaki mai silin da tsayayyiyar wuta, mai haƙurin shara, zai amfana da shi, kwamfutarsa ta yi shiru ta yi gudu. Amma a jera abubuwa yadda suka dace: ɗaki, ƙura, wuta, awo, sannan lagireto.

Ke fa 'yar'uwa, wace na'ura ɗanki ko 'yarki suka taɓa roƙo wadda ko sunanta ba ki iya faɗa ba? Kin saya, ko kin hana, kuma yaya aka ƙare? Ki rubuta mana a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru. Waɗanda 'ya'yansu ke harkar kwamfuta kuma, ku miƙa musu wayar su karanta, in sun ga gyara su faɗa, muna maraba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.